Totuwa da Ɓuntu Ba Shara Ba Ne

Da zarar an gama girbi, hayaƙi kan turnuƙe gonaki da bayan injinan casar shinkafa, domin manomi da mai inji duk sun ɗauki totuwar masara da ɓuntu a matsayin shara. Alhali tun 1922 kamfanin Quaker Oats, a garin Cedar Rapids na Amurka, ya fara fitar da sinadarin furfural daga ƙaiƙayin hatsin da yake sarrafawa. Akan dafa ƙaiƙayin da ruwan asid da tururi mai tsananin zafi, sai sukarin da ke ɓoye cikinsa ya warware ya rikiɗe zuwa wannan sinadari. Yau China ce kan gaba wajen samar da shi, galibi daga totuwar masara. A Sezela ta Afirka ta Kudu kuwa, daga sauran raken da aka matse. Da furfural ake tace man inji, da shi kuma ake haɗa ƙaron da ke kame yashi a masana'antun zubin ƙarfe. Ɓuntu ma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce mai yawan silika, wadda kan ƙara wa siminti ƙwari, amma sai an ƙona shi a tanderu da zafi daidai gwargwado. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu: iyayenmu mata sun daɗe suna tace ruwan tokar kara su yi sabulu.

Wani zai ce kara ai na dabbobi ne da darni, harawa kuwa kuɗi ce. Gaskiyarsa, kuma nan ne ya kamata a yi hattara. Gonar da ake kwashe karanta kaf kowace shekara iska kan share ƙasarta, taki ya ragu, amfani ya ja baya. Don haka ba kara ake nufi ba, sai abin da ya riga ya taru a masussuka da bakin inji, wanda dabba ba ta damu da shi ba. Wani kuma zai ce ina masana'antar? Totuwa ba nauyi sai cika mota, jigilarta nesa asara ce. Shi ya sa ake kafa irin waɗannan masana'antu kusa da inda take taruwa, kuma mai jari ba ya zuwa inda ake cinna wa kayan wuta.

Kada dai kowa ya gwada dafa furfural a gida, domin asid na ƙona fata, tururinsa kuma na illa ga ido da huhu. Ƙungiyoyin manoma su fara da abin da ke hannunsu: a daina ƙonawa, a tara busasshe wuri guda, a san yawansa.