Me Ya Sa Cuta Ɗaya Ke Kayar da Wani, Ta Bar Wani?

Wataƙila kun taɓa ganin haka a gidanku ko a rumfar maƙwabci. Uba da ɗa sun dawo daga cin kasuwa da tari iri ɗaya. Bayan kwana uku ɗan ya koma kan kayansa, shi kuwa uban numfashi ya gagare shi. Tsufa da ciwon sukari da hawan jini suna da hannu a ciki, amma akwai wani dalili ɓoyayye da likitoci suka gano ba da jimawa ba.

Da zarar ƙwayar bairos ta shiga hanci ko huhu, jiki yakan saki wani sinadari mai suna intaferon. Aikinsa kamar na mai gadin kasuwa ne da ya hango wuta ya kwarara ihu: kowa ya farka, a kashe ta tun ba ta ci rumfa ta biyu ba. To, a jinin wasu mutane akwai sinadaran kariya da suka yi ɓatan kai. An yi su ne domin kama ƙwayoyin cuta, sai suka koma suna kama intaferon ɗin kansa. Mai gadi ya yi shiru, bairos ta samu kwanaki tana hayayyafa a huhu, kuma lokacin da sauran garkuwar jiki ta farga, sai ta zo da fushi, huhu ya kumbura ya tara ruwa.

A shekarar 2020 masu bincike ƙarƙashin Farfesa Jean-Laurent Casanova, wanda ke aiki a Faransa da Amurka, sun gwada jinin mutum 987 da korona ta kai bakin mutuwa. Mutum 101 na ɗauke da irin waɗannan sinadarai, kuma 95 daga cikinsu maza ne. A cikin mutum 663 da cutar ta yi wa sauƙi, ko ɗaya ba a samu ba. Binciken 2021 ya nuna abin na ƙaruwa da shekaru: kusan 4 cikin 100 na waɗanda suka haura 70 suna da shi. Daga baya an ga irin haka a wasu masu mura mai tsanani.

Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba ya nuna alama. Dattijo na iya ɗauke da shi yana zirga-zirgarsa tsakanin Jibiya da Maraɗi lafiya lau, sai ranar da bairos ta same shi. Gwajinsa kuwa sai a manyan ɗakunan bincike, don haka kada ku jira gwaji. Abin da ke hannunku shi ne lokaci.

Idan dattijon gida ya kamu da zazzaɓi da tari, musamman da hunturu, ku sa masa ido tun ranar farko. In numfashinsa ya yi sauri, ko ya kasa gama magana sai ya huta, ko ƙirji na ciwo, ko ya fara rikicewa, ku kai shi asibiti mafi kusa a ranar, ko da kuna ƙetaren iyaka ne. Kada a ce sai an koma gida. Kafso da ake saye a tebur ba ya kashe bairos. Abin da mai sarƙewar numfashi ke buƙata da gaggawa shi ne iskar oksijin. Ku kuma tambayi ma'aikacin lafiya rigakafin da ake yi wa tsofaffi a yankinku, sannan mai tari ya ƙaurace wa ɗakin dattijo har sai ya warke.