Lambar 2520 da Kason Gado

'Yan'uwa, duk ɗalibin da ya zauna karatun gado ya san kalmomin nan: rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni. Malaman lissafi na Larabawa suna lissafa irin waɗannan kaso guda tara, daga rabi har ushiri. To, wace lamba ce mafi ƙanƙanta da za a fitar da dukkan taran daga cikinta ba tare da ɓari ba? Amsar ita ce 2520.

Ku gwada da kanku. Rabinta 1260, sulusinta 840, rubu'inta 630, humusinta 504, sudusinta 420, subu'inta 360, sumuninta 315, tusu'inta 280, ushirinta 252. Ko ɗaya babu saura.

Me ya sa sai ita? Kafin lamba ta rabu takwas da tara da biyar da bakwai, dole a ninka su duka: 8 sau 9 sau 5 sau 7, wato 2520. Sauran kason suna cikin waɗannan huɗun: biyu da huɗu suna cikin takwas, uku tana cikin tara, shida biyu ce sau uku, goma kuma biyu sau biyar. In ka ɗauki rabinta, 1260, ka raba takwas, sai ɓari ya fito. Don sauƙin haddacewa, a ninka kwanakin mako 7 da kwanakin wata 30 da watanni 12. Amma wannan dabarar tunawa ce kawai, domin shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355.

Ta wajen rukuni, 2520 shafa'i ce, ba wutiri ba. Lambobi 48 ne ke raba ta daidai, kuma babu wata lamba ƙasa da ita da ke da masu rabawa haka. Malamai sun kasa lambobi uku: naƙisa, tamma da za'ida. Ana tara masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta yi daidai da lambar, tamma ce, kamar 6, wadda take 1 da 2 da 3. Masu raba 2520 kuwa sun kai 6840, don haka za'ida ce.

Wannan dabara ita ce malamin gado ke bi wajen neman asalin mas'ala. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji ɗaya. Mata tana da sumuni, uwa sudusi. Ƙaramar lambar da ke rabuwa takwas da shida ita ce 24: mata 3, uwa 4, ɗa 17. In abin da ya rage bayan jana'iza da bashi da wasiyya jaka 240 ne, mata ta karɓi 30, uwa 40, ɗa 170.

Kuskure kaɗan a nan, haƙƙin wani ne ya shiga hannun wani. Saboda haka ɗalibai, ku riƙe lissafi da kyau. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani.