Ko Kun Sani? Jan Fenti Daga Garkuwar Rumawa Zuwa Dutsen Habude

A Turai da Amurka akwai masu sha'awar fenta 'yan ƙananan sojojin Girka da Rum na ƙarfe ko roba, tsawon kowanne kamar milimita 28, sannan su jera su a kan tebur su kwaikwayi yaƙe-yaƙen da. Babbar damuwarsu ita ce launi, domin garkuwoyin da aka yi da katako da fata tuni suka ruɓe. Shi ya sa suke ji da wata garkuwar Rumawa ta ƙarni na 3 da aka haƙo a Dura-Europos, ƙasar Siriya: ja ce, gaggafa a sama, zaki a ƙasa. Tana Jami'ar Yale yanzu.

Mu kuwa namu tsohon launin yana nan a gida. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu, mutanen da sun zana shanu da jan launi a jikin kogo, ciki har da masu dogon ƙaho marasa tozo, ba irin shanun da muke gani a kasuwa yau ba. A shekarun 1950 masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazarinsu, tare da duwatsun wurin masu amo kamar kuge idan an buga.

Jama'ar Birnin Kudu da Gwaram, ku kai yaranku su gani, amma don Allah kada a taɓa zanen, kada a rubuta suna a kansa.