Jimla Ɗaya ta Turkanci

'Yan'uwa, ga wata jimla ta Turkanci da nake so mu feɗe tare: "Evlerimizde kitap okuyoruz," watau "Muna karanta littafi a gidajenmu."

Ku dubi kalmar farko. Ev shi ne gida, ler alamar jam'i, imiz namu, de kuwa "a cikin". Abin da mu ke sawa gaba, su a baya su ke liƙa shi. Aikatau ne ke zuwa ƙarshe: oku karanta, yor ana cikin yi, uz mu. Kitap kuwa daga Larabci aka aro shi, kamar littafi.

To, in mun shiga aji kada mu sa yara haddar jimla ɗungum. Wanda ya gane gaɓoɓin nan, in an ce masa köy ƙauye ne, da kansa zai ce köylerimizde, a ƙauyukanmu.