Hawan dutse a biranen Arewacin Najeriya

Hawan dutse wasa ne na motsa jiki da ake bin jikin dutse da hannu da ƙafa, da igiya ko babu. Ya shiga wasannin Olamfik a Tokyo a 2021, inda aka fafata a kan bangon da aka gina. A Hausa, sunan ya haɗa har da hawa don yawon buɗe ido.

Zaɓin birni

Ɗan wasan da zai bar Karaye ko Rogo ya koma birni, irin dutsen da ke kusa ya kamata ya fara dubawa kafin girman gari. A Kano, Dala da Goron Dutse tuddai ne masu marmara a tsakiyar unguwanni, kuma marmara tana ɓarɓashewa a hannu. Zariya, wadda ba ta da nisa da Rogo, tana da Kufena, dutse mai tauri. Daga Abuja ana zuwa Zuma da ke Jihar Neja, sai dai hayar gida na da tsada.

Lokacin hawa

Da damina dutse na santsi, da bazara yana ƙona tafin hannu. Hunturu ya fi dacewa.