Sabha: me ya sa ake gwada tsohuwar tukunyar iska da ruwa kafin a sake cika ta?

A Sabha, babban birnin yankin Fezzan a kudancin Libiya, ƴan Nijar da dama na neman abinci a wuraren walda da gareji, inda tukwanen oksijin da na matsattsiyar iska ke yawo daga hannu zuwa hannu. Tsohuwar tukunya takan sha sabon fenti, amma tsatsa ta ciki take cin ƙarfen, inda danshi ke taruwa.

Tukunyar da aka cika zuwa bar 200 na ɗauke da matsin da ya ninka na tayar mota kusan sau 80. Idan aka bar ta a rana lokacin bazara, da zafi ke haura digiri 40, matsin ƙaruwa yake yi.

Wajen gwaji, ana kwance kan tukunyar, a haska cikinta, a cika ta da ruwa, sannan a matsa har ninki ɗaya da rabi, wato bar 300. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska: idan ƙarfen ya tsage, ruwa ne zai tsarto kawai. Da iska ce, sai ta tarwatse har da mai gwajin.

Wadda ta tsallake, ana buga mata wata da shekara a kafaɗa. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na neman a maimaita gwajin duk shekara 5 ko 10, gwargwadon irin tukunyar da iskar. Wadda aka goge lambarta, komai araharta, bai kamata mai cikawa ya karɓe ta ba.