Koren Shayi a Ɗakin Ɗalibai: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

A ɗakunan kwanan ɗalibai na jami'o'inmu, kwalin koren shayi ya samu gurbi kusa da gwangwanin madara da ledar garin kwaki. Wata ta saya don rage tumbi, wani don korar barci a daren jarrabawa, wani kuma ya ji ana cewa yana wanke jiki. Ga wasu abubuwa game da ganyen nan da ya kamata mai shansa ya sani.

Koren shayi da baƙin shayin da mai shayi ke haɗa wa mutane da madara itace ɗaya ke fitar da su, sunansa Camellia sinensis. Wajen sarrafawa aka rabu. Baƙin, barinsa ake yi ya sha iska har ya rine. Koren kuwa, ana tsinkowa ake sa masa zafi don kada ya sauya launi: mutanen Japan turara shi suke yi, 'yan Sin kuma su gasa shi a kasko. Itacen nan ma ana nomansa a tsaunin Mambila na jihar Taraba.

Ɗalibin da ke ganin koren shayi sabon yayi ne, ya leƙa fada a Damagaram ko Maraɗi, ko majalisar ataya a zangunan Ghana. Ganyen nan da aka murɗe ƙanana-ƙanana, wanda ke tafasa a 'yar buta bisa gawayi, ana zuba shi daga sama har kumfa ta cika ɗan kofin gilashi, koren shayi ne daga ƙasar Sin. Iyayenmu sun daɗe suna shansa kafin a fara tallarsa a Facebook. Abin da ke rage masa amfani shi ne sukarin da ake tuttula masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da babba ke ƙarawa a ci da sha ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, kuma zama ɗaya na ataya zagaye uku yana iya cinye kaso mai tsoka daga ciki.

Batun rage ƙiba shi ne inda aka fi cutar 'yan mata. A 2012 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwajen da aka yi, ta gano cewa nauyin da masu shan koren shayi suka rage kaɗan ne ƙwarai, bai kai a lissafa shi a matsayin magani ba. Mafi muni, ƙwayoyin da ake tatsowa daga ganyen ana sayarwa da tsada suna da haɗari: a 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta bayyana cewa shan miligiram 800 ko fiye na sinadarin EGCG a rana ta hanyar irin waɗannan ƙwayoyi yana da alaƙa da alamun lahani a hanta. Shayin da aka jiƙa a ruwa yadda aka saba, hukumar ta ce galibi ba shi da wannan matsala. Abin takaici ne a ga yarinya ta tsuke bakin aljihu, ta hana kanta abincin rana, don ta sayi ƙwayar da za ta iya taɓa mata hanta.

Amfanin fa? Akwai. Masu bincike na Jami'ar Tohoku sun bibiyi mutum 40,530 a Japan har tsawon shekara 11, suka wallafa a 2006 cewa masu shan kofi biyar ko fiye a rana sun fi ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ta fuskar sankara ba su ga bambanci ba. Kuma mutanen da aka bibiya 'yan shekara 40 zuwa 79 ne, masu cin abincin Japan.

Mai karatun dare ya sani cewa kofi ɗaya na koren shayi na ɗauke da kafeyin kusan miligiram 30, na gahawa kuwa ya kai wajen 95.

Yawancin masu cewa ɗacinsa ya yi yawa, su suka jawo. Tafasasshen ruwa ne ke fito da ɗacin. A sauke ruwan, a bar shi ya ɗan huce zuwa digiri 70 ko 80, a jiƙa ganyen minti biyu zuwa uku. Jiran yana da wata fa'ida: a 2016 cibiyar binciken sankara ta duniya ta sa abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo sankarar maƙoshi.

Mace ce ta buɗe babban babi a binciken ganyen nan. Michiyo Tsujimura, tare da abokin aikinta, ta gano bitamin C a cikinsa a 1924, ta ware sinadarin katekin a 1929, sannan a 1932 ta zama mace ta farko da ta samu digirin digirgir a fannin noma a Japan. Daga katekin ɗin nan ne aka haɗa wani man shafawa na kawar da tsiron fata a al'aura, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2006.

Shayi, kore ko baƙi, yana hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da ganyaye. Ɗaliba mai fama da ƙarancin jini, wadda abincinta bai wuce garau-garau da taliya ba, kada ta kora loma da shayi; ta bari sai bayan awa guda. An kuma gwada a Japan a 2014 an ga koren shayi yana rage yawan maganin hawan jini na nadolol a cikin jini sosai. Duk mai shan magani kullum, ya tambayi likita ko mai haɗa magunguna kafin ya mayar da koren shayi abin shansa na safe da yamma.